Haɓaka tsohuwar kwamfutar cinya

Haɓaka tsohuwar kwamfutar cinya shi ne sauya wasu sassa na gangar jikinta, ko ƙara mata wasu, domin ta ƙara sauri ko ta iya ɗaukar aikin da ya fi ƙarfinta a da, maimakon a ajiye ta a sayi sabuwa. Sassan da aka fi sauyawa su ne ma'adanar bayanai ta dindindin, ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, batir, da katin Wi-Fi. A wasu kwamfutocin ana iya sauya masarrafa da fuskar kallo, sai dai wannan ya fi wuya kuma ba kowane samfuri ne yake yarda ba.

Haɓakawa ta bambanta da gyara. Gyara yana mayar da kwamfuta yadda take kafin ta lalace, haɓakawa kuwa tana kai ta matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba tun daga masana'anta. Abin da za a iya yi wa kowace kwamfuta ya dogara ne da yadda aka ƙera ta, wato ko sassanta suna zaune cikin gurabe da ake iya zare su, ko kuwa an liƙe su da dalma a jikin babban allo.

Asali

Kwamfutar tebur tun farko an gina ta ne a kan sassa masu ma'auni ɗaya, ta yadda kayan wani kamfani suke shiga jikin na wani. Kwamfutar cinya ba ta samu wannan sauƙin gaba ɗaya ba, domin kowane kamfani yana tsara babban allonsa da gidan kwamfutarsa yadda ya ga dama. Duk da haka, daga shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2010 wasu sassa sun samu ma'auni na bai ɗaya. Daga ciki akwai faifan ajiya mai faɗin inci 2.5, ƙaramin katin RAM mai suna SO-DIMM, da gurbin katin sadarwa na Mini PCI wanda Mini PCI Express ya gaje shi. Yawancin kwamfutocin wancan zamani suna da ƙananan marafe a ƙasansu, waɗanda noti ɗaya ko biyu ne ke riƙe da su, kuma batirinsu ana zare shi da hannu.

Daga wajen 2012 al'amarin ya soma sauyawa, lokacin da kamfanoni suka shiga gasar ƙera kwamfutoci sirara marasa nauyi. A shekarar ne kamfanin Apple ya fitar da MacBook Pro mai fuskar Retina, wadda aka liƙe RAM ɗinta a jikin allo aka kuma manne batirinta da gam. Wasu kamfanonin ma sun bi wannan hanya a samfuransu sirara. Ƙarni na huɗu na masarrafan Intel Core, wanda ya fito a 2013, shi ne na ƙarshe da aka yi wa nau'in kwamfutar cinya mai zama cikin soket. Daga ƙarni na biyar zuwa sama, masarrafan kwamfutar cinya na Intel a liƙe suke zuwa.

Saboda haka kwamfutocin ofis da aka ƙera tsakanin 2008 da 2014, irin su Lenovo ThinkPad, Dell Latitude da HP EliteBook, suna cikin waɗanda suka fi karɓar haɓakawa. A baya-bayan nan an samu yunƙurin komawa ga sassa masu zaruwa. Kamfanin Framework na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta farko a 2021 da nufin mai ita ya iya sauya kusan kowane sashe, kuma a ƙarshen 2023 hukumar JEDEC, mai tsara ma'aunin kayan RAM, ta fitar da sabon tsarin kati mai suna CAMM2.

Gano inda cikas yake

Saurin kwamfuta ba ya wuce saurin sashen da sauran sassa suke jira. Masanin kwamfuta Gene Amdahl ya bayyana wannan ƙa'ida a 1967, inda ya nuna cewa ribar da ake samu daga inganta sashe ɗaya ba ta wuce gwargwadon lokacin da aikin yake ɓatawa a wannan sashen ba. Alal misali, idan buɗe wata manhaja yana ɗaukar daƙiƙa 10, kuma 8 daga ciki jiran faifai ake yi, 2 kawai na masarrafa ne, to ninka saurin masarrafar zai rage daƙiƙa 1 ne kacal. Idan kuwa aka sauya faifan da wanda zai gama nasa aikin cikin daƙiƙa 1, lokacin gaba ɗaya zai koma daƙiƙa 3.

Don haka matakin farko shi ne gano sashen da yake riƙe aiki. A babbar manhajar Windows akwai Task Manager, wanda yake nuna yawan aikin da masarrafa, RAM da faifai suke yi a kowane lokaci. Faifan da yake tsayawa a kashi 100 alhali masarrafa ba ta wani aiki alama ce ta cewa ma'adana ce cikas. RAM da yake cika da zarar an buɗe shafukan intanet kaɗan yana nuna ƙarancinsa. Kwamfutar da take farawa da sauri sannan ta yi nauyi bayan wasu mintuna, fanka tana ƙara, galibi zafi ne yake damun ta.

Mataki na biyu shi ne sanin ainihin samfurin kwamfutar, wanda ake rubuta shi a ƙasanta ko cikin ramin batir. Manhajoji irin su CPU-Z suna nuna nau'in masarrafa, nau'in RAM da yawan gurabensa, CrystalDiskInfo kuma tana karanta bayanan lafiyar faifai. Kamfanoni irin su Lenovo, Dell da HP suna wallafa littattafan gyara na samfuransu na ofis, masu nuna yadda ake kwance kowane sashe bi da bi.

Ma'adanar bayanai

Sauya faifai mai juyawa, wato HDD, da ma'adanar SSD shi ne haɓakawar da aka fi ganin tasirinta a tsohuwar kwamfuta. HDD yana ajiye bayanai a kan faranti mai maganaɗisu, wanda a kwamfutar cinya yakan juya sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, kuma akwai ɗan hannu da yake kai-komo a kansa yana karantawa. Duk lokacin da aka nemi wani bayani, sai hannun ya matsa zuwa wurin, sannan ya jira faranti ya juyo. Wannan jira yakan haura kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa. SSD ba ta da abin da yake motsi a cikinta. Tana ajiye bayanai a ƙwayoyin lantarki, kuma tana isa gare su cikin abin da bai wuce kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa ba. Tashin kwamfuta da buɗe manhaja sun ƙunshi karanta dubban ƙananan fayiloli da suke warwatse, shi ya sa bambancin yake fitowa fili a nan. Ban da sauri, SSD ba ta ƙara, kuma ta fi jure girgiza da faɗuwa.

Kafin a sayi SSD ana duba irin mahaɗar da kwamfutar take da ita:

- PATA, wadda ake kira IDE, mai fil 44. Ita ce a kwamfutocin cinya har zuwa tsakiyar shekarun 2000, kuma SSD ɗin zamani ba ta shiga sai da adafta.
- SATA, mai ƙarni uku. Na farko yana ɗaukar kimanin megabait 150 a daƙiƙa, na biyu 300, na uku 600. Bakinsu iri ɗaya ne, don haka sabuwar SSD tana aiki a tsohuwar mahaɗa, amma da saurin tsohuwar.
- mSATA, ƙaramin kati da ya yi tashe a farkon shekarun 2010.
- M.2, wanda ya gaji mSATA. Lambar da ke jikinsa girmansa ce, misali 2280 na nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80. Wani katin M.2 da tsarin SATA yake aiki, wani kuma da NVMe, kuma ba kowane gurbi ne yake karɓar duka biyun ba.

SSD ta SATA takan kai kimanin megabait 550 a daƙiƙa a mahaɗar ƙarni na uku, yayin da HDD na kwamfutar cinya yakan tsaya a wajen 100. Ko a mahaɗar ƙarni na biyu ana ganin babban bambanci, domin ribar ta fi zuwa daga gajartar lokacin jira. Ana kuma lura da kauri, saboda tsofaffin faifai da yawa milimita 9.5 ne, SSD kuwa galibi milimita 7 ce, don haka wani lokaci sai an sa mata abin cike gurbi don kada ta riƙa motsi.

Bayan an sa SSD, ana iya kwafo duk abin da ke tsohon faifai zuwa cikinta da manhaja irin ta Clonezilla, ko kuma a ɗora babbar manhaja sabuwa fil. Hanya ta biyu ta fi ɗaukar lokaci amma tana raba kwamfutar da tarkacen manhajoji da suka taru shekara da shekaru. Ana so mahaɗar SATA ta kasance a kan tsarin AHCI a cikin BIOS, kuma babbar manhajar ta san umarnin TRIM, wanda yake taimaka wa SSD ta riƙe saurinta. Windows ta fara goyon bayansa ne daga Windows 7. A kwamfutocin da ke da gidan faifan DVD, akan cire shi a sa wani ɗan akwati mai ɗaukar faifai na biyu, ta yadda tsohon HDD zai zama wurin ajiyar hotuna da bidiyo.

RAM

RAM shi ne wurin da kwamfuta take ajiye abin da take aiki a kansa a halin yanzu, kuma komai na cikinsa yana gogewa idan aka kashe ta. Idan ya cika, babbar manhaja takan kwashe wani ɓangare na abin da ke ciki ta kai faifai, ta dawo da shi idan an buƙata. Da yake faifai ya fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba, kwamfutar sai ta riƙa tsayawa cak. Ƙara RAM yana magance wannan matsala, amma ba ya ƙara wa masarrafa ƙarfi. Kwamfutar da ba ta cika RAM ɗin da take da shi ba za ta ƙara sauri don an ninka mata shi ba.

Katin SO-DIMM yana da ƙarnuka, kuma kowane ƙarni yana da yawan fil, ƙarfin wuta da wurin tsaga nasa, ta yadda wani ba ya shiga gurbin wani:

- DDR: fil 200, volt 2.5
- DDR2: fil 200, volt 1.8
- DDR3: fil 204, volt 1.5
- DDR3L: fil 204, volt 1.35
- DDR4: fil 260, volt 1.2
- DDR5: fil 262, volt 1.1

DDR3 da DDR3L ne kawai suke shiga gurbi ɗaya, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Yawancin katunan DDR3L suna aiki a tsofaffin kwamfutoci masu volt 1.5, amma kwamfutocin ƙarni na huɗu na Intel Core suna buƙatar DDR3L, kuma suna iya ƙin tashi da DDR3 na gama-gari.

Iyakar RAM da kwamfuta take ɗauka ta dogara da masarrafa, babban allo da yawan gurabe. Kwamfutocin ofis masu ƙarni na biyu da na uku na Intel Core da gurabe biyu galibi suna ɗaukar gigabait 16, wato 8 a kowane gurbi. Babbar manhaja ma tana da tata iyakar. Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da fiye da gigabait 4, kuma abin da yake isa ga mai amfani bai cika kaiwa hakan ba, don haka wanda zai wuce wannan adadi sai ya koma mai bit 64.

Sa katuna biyu masu girma ɗaya yana ba kwamfuta damar karanta su a lokaci guda, abin da ake kira tsarin hanya biyu. Wannan ya fi amfanar kwamfutocin da sashen sarrafa hotonsu yake cikin masarrafa, domin daga RAM yake ɗibar nasa wurin aiki. Idan aka haɗa katuna masu sauri daban-daban, duka za su yi aiki da saurin wanda ya fi jinkiri. Bayan an sa sabon kati akan gwada shi da manhajar MemTest86, saboda RAM mai lahani yana haddasa mutuwar kwamfuta ba gaira ba dalili da lalacewar fayiloli.

Zafi da ƙura

Masarrafa tana kare kanta daga ƙonewa ta hanyar rage gudu idan zafinta ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. A kwamfutar cinya, bututun tagulla ne yake ɗauko zafi daga masarrafa ya kai shi wasu siraran ƙarafa a bakin iska, fanka kuma ta hura shi waje. Da tafiya ta yi nisa, ƙura da zare suna taruwa a bayan ƙarafan har su zama kamar tsumma, su toshe hanyar iska. Man da ake shafawa tsakanin masarrafa da tagullar domin ya cike ƙananan ramuka shi ma yana bushewa ya tsage.

Share fanka da sabunta wannan man ba ƙari ba ne a kan abin da kwamfuta ta zo da shi, amma sau da yawa yana dawo mata da saurin da ta rasa, kuma shi ne aiki mafi arha. Ana goge tsohon man da sinadarin isopropyl, a ɗiga sabo kaɗan, sannan a ɗaure notocin bisa jerin lambobin da ke jikinsu don matsin ya daidaita. Idan ana hura iska ana riƙe fankar don kada ta yi juyin da zai lalata ta. A wuraren da ake fama da ƙurar hunturu da zafin bazara, kamar arewacin Najeriya da kudancin Nijar, toshewar tana zuwa da wuri. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma yana ƙara matsalar, domin ramukan shaƙar iska a ƙasa suke.

Masarrafa da katin hoto

Ana iya sauya masarrafa ne kawai idan tana zaune cikin soket, kamar Socket G2 na ƙarni na biyu da na uku na Intel Core. Sabuwar dole ta dace da soket ɗin, BIOS ya san ta, kuma zafin da take fitarwa kada ya wuce abin da fanka da tagullar kwamfutar za su iya kwashewa. Masarrafa mai wat 45 da aka sa a gidan da aka tsara wa wat 35 takan yi zafi ta rage gudu, har ribar ta tafi. Masarrafar da aka liƙe da dalma ba ta ciruwa sai da na'urori na musamman, kuma kuɗin aikin da haɗarinsa sun fi amfaninsa.

Katin hoto a yawancin kwamfutocin cinya ba ya sauyuwa, domin ko yana cikin masarrafa ko a liƙe yake. An samu keɓantattu a manyan kwamfutocin wasanni da na zane, masu amfani da katin MXM wanda kamfanin Nvidia ya gabatar a 2004. Akwai kuma masu haɗa katin hoto na kwamfutar tebur daga waje ta gurbin ExpressCard ko mahaɗar Thunderbolt, amma hakan yana buƙatar wutar lantarki ta daban kuma yana ɗaure kwamfutar a wuri ɗaya.

Batir, Wi-Fi da fuskar kallo

Batirin lithium yana rage ɗaukar caji yayin da ake amfani da shi, kuma zafi yana gaggauta tsufansa. Tsofaffin batura masu zaruwa galibi sun ƙunshi ƙwayoyi shida ko tara na nau'in 18650, wato masu kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Daga Windows 8 zuwa sama, umarnin powercfg /batteryreport yana nuna ƙarfin da batir ya zo da shi da abin da ya rage masa. Sabon batir ba ya ƙara sauri kai tsaye, amma a inda wutar lantarki ba ta tsayawa, shi ne yake sa kwamfuta ta yi amfani. Akwai kuma ƙaramin batir a jikin allo, galibi CR2032 mai volt 3, wanda idan ya mutu kwamfuta takan manta kwanan wata da saitin BIOS.

Katin Wi-Fi na tsofaffin kwamfutoci yakan tsaya a tsarin 802.11g na 2003 ko 802.11n na 2009, wasu kuma ba sa kama zangon gigahaz 5. Ana iya sauya shi da mai tsarin 802.11ac idan gurbi da bakin wayoyin eriya sun dace. Sai dai wasu samfuran Lenovo da HP na wancan lokaci suna da jerin katunan da BIOS ya amince da su, kuma kwamfutar takan ƙi tashi idan ta ga baƙo. Mafita mafi sauƙi ita ce ƙaramin katin Wi-Fi da ake soka wa a kafar USB.

Fuskar kallo tana sauyuwa idan girma, wuraren noti da mahaɗar waya sun zo ɗaya. Tsofaffin fuskoki da mahaɗar LVDS suke aiki, na baya-baya kuma da eDP, kuma ba sa shiga wurin juna. Fuskokin da suka riga zamanin fitilar LED suna amfani da siririn ƙwan fitila mai ɗauke da sinadarin makuri, don haka ba a fasa su.

Misali: ThinkPad T430

ThinkPad T430, wadda Lenovo ya fitar a 2012, tana cikin samfuran da aka fi haɓakawa. Jerin ThinkPad na kamfanin IBM ne tun 1992, kafin Lenovo na ƙasar Sin ya sayi sashen kwamfutocin IBM a 2005. T430 tana da fuska mai inci 14 da masarrafar Intel Core ƙarni na uku, kuma da yawa sun fito da i5-3320M mai ƙwaƙwalwa biyu, RAM na gigabait 4 da faifai mai juyawa.

Tana da guraben DDR3 biyu, ɗaya a bayan murfin ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin allon rubutu, kuma tana ɗaukar gigabait 16. Babban gurbin faifanta na SATA ƙarni na uku ne. Gurbin da aka tanada wa katin sadarwar layin waya yana karɓar mSATA da saurin ƙarni na biyu, gidan DVD kuma yana zaruwa a sa faifai a madadinsa, don haka tana iya ɗaukar ma'adanai uku. Masarrafarta a soket take, kuma akan sauya ta da i7-3632QM mai ƙwaƙwalwa huɗu, wadda ita ma wat 35 ce. Fuska mai ɗigo 1366 × 768 ana iya sauya ta da mai 1600 × 900.

Tana kuma nuna iyakokin wannan aiki. BIOS ɗinta yana ƙin katin Wi-Fi da ba ya cikin jerinsa, tana ƙin cajin batirin da ba ta tantance shi ba, sashen hotonta na Intel HD Graphics 4000 ba ya sauyuwa, kuma masarrafarta ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su.

Babbar manhaja

Tsawon rayuwar kwamfuta bai tsaya ga gangar jikinta kaɗai ba. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025, ban da wani shirin ƙarin sabuntawar tsaro na ɗan lokaci. Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021, tana buƙatar RAM na gigabait 4, ma'adana ta gigabait 64, na'urar tsaro ta TPM 2.0, da masarrafar da ke cikin jerin da kamfanin ya fitar, wanda a ɓangaren Intel Core kusan duka daga ƙarni na takwas ya fara. Ƙarin RAM ko SSD ba ya cike gurbin masarrafar da ba ta cikin jerin.

Kwamfutar da babbar manhajarta ba ta samun sabuntawar tsaro tana cikin haɗarin kutse idan tana hawa intanet. Saboda haka masu tsofaffin kwamfutoci da yawa suna komawa ga Linux, musamman nau'o'in da ba su da nauyi kamar Linux Mint mai fuskar Xfce da Lubuntu, ko ChromeOS Flex wadda Google ya fitar a 2022. Cikas ɗin shi ne wasu manhajojin Windows ba sa aiki a kansu kai tsaye.

Haɗurra da matakan kariya

Babbar asarar da ake tafkawa a wannan aiki ita ce ta bayanai, don haka ana kwafe muhimman fayiloli zuwa wata ma'adana kafin a taɓa noti. Idan an kulle faifai da BitLocker, ana adana lambar buɗe shi tukuna. Ana zare caja da batir kafin a buɗe kwamfuta, kuma mai aikin yakan taɓa ƙarfe ko ya ɗaura igiyar kariya a hannu, domin wutar da jikin mutum yake tarawa, musamman lokacin bushewar iska, tana iya kashe ƙwayar lantarki ba tare da ya ji komai ba. Notoci suna da tsawo daban-daban, kuma dogo da aka ɗaura a wurin gajere yana iya huda allo. Siraran wayoyin allon rubutu da na fuska suna da ɗan makulli da ake ɗagawa kafin a zare su.

Batirin da ya kumbura ba a matsa shi, ba a huda shi, ba a kuma ci gaba da cajinsa, saboda yana iya kamawa da wuta. A kasuwa akwai jabun kaya, da suka haɗa da ma'adanai masu nuna girman da ba su da shi da batura masu ƙwayoyi marasa inganci. Manhajar H2testw tana gwada ainihin girman ma'adana ta hanyar cika ta da bayanai sannan ta sake karanta su. Tsohon faifan da za a sayar ko a bayar ana goge shi da manhajar da take rubuce dukan farantinsa, domin fomatin na gaggawa ba ya hana a dawo da abin da ke ciki.

Tattalin arziki da muhalli

Haɓakawa tana da riba ne idan kuɗin sassan ya yi ƙasa sosai da farashin wata kwamfutar da ta fi ta, kuma idan babban allo, fuska da maɗaurin murfi suna da lafiya. Ga rubutu, karatu, lissafin ofis da shiga intanet, kwamfutar da ke da SSD da RAM na gigabait 8 takan wadatar. Ga tace bidiyo mai nauyi ko wasannin zamani kuwa, masarrafa da katin hoto ne suke yanke hukunci, kuma su ne sassan da ba su cika sauyuwa ba.

Kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka suna sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, kuma da yawa daga cikinsu suna ƙarewa a kasuwannin kayan hannu na Afirka. A Najeriya, kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas tana cikin manyan cibiyoyin wannan ciniki, haka kuma ana sayar da irin waɗannan kwamfutoci da sassansu a titin Beirut na Kano. Ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i suna cikin manyan masu sayen su, kuma sau da yawa a shagon da aka saya ake ƙara RAM ko a sa SSD.

Ta fuskar muhalli, mafi yawan hayaƙin da kwamfutar cinya take jawowa a rayuwarta daga ƙera ta yake fitowa, ba daga wutar da take sha ba, don haka tsawaita amfani da ita yana rage ɓarna. Rahoton sharar kayan lantarki na duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU da UNITAR, suka fitar a 2024 ya nuna cewa an samar da tan miliyan 62 na irin wannan shara a 2022, kuma kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sake sarrafa su yadda ya kamata. Wannan na cikin dalilan da suka ƙarfafa fafutukar 'yancin gyara. Tun Janairu 2021 Faransa ta wajabta a nuna makin sauƙin gyara a kan wasu kayan lantarki da ake sayarwa, ciki har da kwamfutar cinya, kuma a 2024 Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta ƙarfafa haƙƙin masu saye na a gyara musu wasu nau'o'in kaya.